Makulli Ba Ƙofa

Ƙarfe huɗu na asuba a Boise,
shayi ya huce a kofin takarda,
ni da taswira muna kallon-kallo.
Jajayen ɗigo goma sha bakwai,
kowane ɗigo daji ne ke ci,
kowane daji da mai kiransa a waya
yana rantsuwa nasa ya fi gaggawa.
Jiragen feshi uku suka rage mini.
Uku.

Shekara goma sha tara na yi da gatari a kafaɗa.
Na san ɗanɗanon toka cikin burodi,
na san yadda takalmi ke laushi daga ƙasa
tun kafin tafin ƙafa ya kai ƙara.
Sai aka ce na cancanta,
aka hau da ni bene,
aka ba ni kujera mai juyawa da tagar da ba ta buɗuwa.
Yanzu da biro nake sare itace,
da sa hannu nake haƙa rami,
hayaƙi kuwa sai dai in karanta shi a rahoto.

Ran Talata Renaldo Archuleta ya kira
daga tsaunin da ke bayan Lowman,
muryarsa a bushe kamar kara:
"Ba ni jirgi ɗaya, in riƙe miki kwarin nan.
Gida goma sha ɗaya ne a ƙasa."
Na dubi ɗigon da ke arewa,
inda asibiti yake, da hanya ɗaya tak ta fita.
Na tambaye shi iska.
Ya yi shiru.
Shirun nan na san shi, ni ma na taɓa yin sa.
Na ce, "Babu jirgi. Janye yaranka."
Ya ce, "Corliss."
Na ce, "Janye su."

Da magariba kwarin ya tafi.

Aka tara mu a zauren wasan makaranta,
kujerun ƙarfe, fanka na kaɗa zafi.
An ce babba juji ne,
na tsaya aka yi ta zubawa.
Masu ihu ba su dame ni ba.
Wata tsohuwa ce, Wilma Oberg,
ta tako a hankali da sandarta
ta ajiye makulli a kan teburina.
"Ke ce?"
Na ce ni ce.
"Mijina ne ya sa ƙofar da hannunsa.
Riƙe, ba ni da inda zan zura shi."
Ba ta jira amsa ba,
ni ma ban tanadi wata ba.

Daren nan na tuƙa zuwa sansani,
na laɓe bayan motar ruwa kamar marar gaskiya
ina ƙirga masu saukowa.
Fuskoki baƙi ƙirin, haƙora kaɗai ke haske.
Sha takwas. Sha tara.
Zuciyata ta tsaya a bakin ƙofar motar
har sai da wata yarinya ta fito tana ɗingishi,
takalminta ɗaya a hannu.
Ashirin.
Renaldo ya gan ni, bai gaishe ni ba.
Ban ga laifinsa ba.

A aljihun teburina akwai wata takarda,
sunaye shida, tawadar ta fara kodewa.
Wani Agusta ne, ina ƙarama,
wani babba a wani bene ya ce
a ƙara riƙewa kaɗan.
Ni ce ta bakwai, an aike ni ɗebo ruwa.

Na ɗora makullin a kan takardar.
Ban san wanne ya fi nauyi a wurin Allah ba,
na dai san wanda zan iya ɗauka.

Waya na ƙara.
Ɗigon ya zama goma sha takwas.